Daga Wa Ka Ji? Gargaɗi Kan Satar Rubutu a Makarantunmu

A wani hutu da na je gida Babban Mutum, ina zaune a zaure bayan sallar Magariba, ɗan ƙanwata ya shigo da wani abu a leda yana ta murmushi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo da hannu biyu. Kundin kammala karatunsa ne, an yi masa bango mai kauri, an buga sunansa da ruwan zinare.

"Kawu, ga furojet ɗin nan an gama. Na ce bari in kawo ka sa albarka."

Taken aikin ya ce bincike ne kan matsalolin ƙananan manoma a Ƙaramar Hukumar Baure. Na ji daɗi, na kunna fitila, na fara karantawa. Ban yi nisa a babi na biyu ba na tarar wai manoman yankinmu suna fama da cutar da ke kama itacen koko. Gaba kaɗan aka ce damina biyu muke samu a shekara. Can kuma ga kuka kan faɗuwar farashin kwakwar manja. Gero, dawa, wake da riɗi, waɗanda a kansu aka yaye yaron, ko sau ɗaya ba su fito ba.

Na ce, "Kai, tsakanin nan da Daura, a gonar wa ka ga itacen koko?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Da ƙyar ya ce, "Wallahi Kawu, haka kowa yake yi. Mai shagon kwamfuta ne ya ciro mana, ya canza sunan gari."

"Malamin da ke duba aikinka fa?"

"Ya sa hannu."

Kokon da aka dasa mana a Baure abin dariya ne. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne "haka kowa yake yi". Yaron nan ba ya ɗaukar ko allurar wani. Da zai tsinci jaka cike da kuɗi a tasha, cigiya zai yi har ya gaji. Amma ga shi ya kwashe gumin wani bawan Allah daga farko har ƙarshe, ya liƙa sunansa, ya kawo wa kawunsa ya sa albarka, zuciyarsa ko ɗar. Ɓarnar da aka daina jin kunyarta ta riga ta yi saiwa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan sassauta harshe ba.

Mu kira abin da sunansa. Wanda ya ɗauki magana ko tunani ko sakamakon binciken wani, ya sa a rubutunsa bai ambaci mai shi ba, ɓarawo ne. Satar kuwa iri-iri ce. Akwai mai sayen kundi sukutum a shago, ya canza suna da shekara da gari. Akwai mai yanko sakin layi daga nan, ya yanko daga can, ya ɗinke kamar bargon tsumma. Akwai mai wayo, wanda zai canza kalma uku a jimla ya ce ai da kalmominsa ya rubuta. Akwai wanda ya ɗauko aikin Turanci ko na Larabci ya mayar da shi Hausa ya yi shiru, yana ganin tunda harshe ya sauya, mai kaya ba zai gane kayansa ba. Akwai mai cika shafukan manazarta da littattafan da ko bangonsu bai taɓa gani ba. Mafi muni a cikinsu shi ne wanda ya zauna a ɗakinsa, ya cike takardun tambayoyi ɗari da hannunsa, yana sauya biro, sannan ya rubuta cewa ra'ayin mutanen gari ke nan. Wannan ya haɗa sata da shaidar zur.

Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin darajar tambayar asalin kaya. Je ka kara ka taya sa ko rago. Mai hankali ba ya biya sai ya san daga hannun wa dabbar ta fito, kuma sai dillali ya tsaya a kan cewa ya san mai ita. Ran da aka zo cigiya aka ga dabbar a turkenka, magana ɗaya za a yi maka: fito da wanda ya sayar maka. In ka fito da shi ka kuɓuta. In ka fara kame-kame, kai ne ɓarawon. To ilimi ma haka yake. Ambaton madogara shi ne nuna hannun da ka karɓi magana daga gare shi. In maganar gaskiya ce, mai ita ya sami yabonsa. In kuskure ce, mai karatu ya san inda zai bi sawu ya gyara. Wanda ya goge sunan mai magana ya rungumi dabbar da bai san asalinta ba, kuma shi zai amsa tambaya ranar da aka zo nema.

Na sha jin ɗalibai suna cewa wannan duk ƙa'idar Turawa ce, su APA da MLA, an ƙirƙiro ne don a wahalar da mutane. Mai faɗin haka bai san gidansu ba. Tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a Ingila, malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a tuƙe. Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekarar 870, ya yi tafiye-tafiye masu nisa yana tantance masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya. Abdullahi ɗan Mubarak ya lissafa isnadi cikin addini, don ya ga cewa in babu shi kowa zai faɗi abin da ya ga dama. Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, shi ne ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha a ƙarshen ƙarni na 15, kuma shi ɗin ne ya rubuta wata risala takanas don rarrabe mawallafi da ɓarawo, bayan ya ga an kwashi aikinsa ba a ambace shi ba. Ashe ciwon tsoho ne, kuma malaman da muke karanta littattafansu a zaure sun daɗe da yanke masa hukunci.

Dubi na kusa da mu. Duk wanda ya karanta littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san yadda yake jero maganganun magabata da sunayensu da sunayen littattafansu: ga ta Magili, ga ta Suyuɗi, ga ta Gazali. Marubutan wancan zamani in sun gama ɗauko maganar wani sai su sa kalmar "intaha", wato a nan maganarsa ta ƙare, abin da ya biyo baya nawa ne. Aikin da alamar zancen wani ke yi a rubutun boko ke nan. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi a 1812, ɗan littafi guda da ya keɓe don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Mutumin da ya rubuta tafsirin Alƙur'ani cikakke bai ga ƙasƙanci a cikin faɗin inda ya samo ba. Kai da ka haɗa shafi hamsin da ƙyar, me kake ɓoyewa?

Tarihin Daura kansa shaida ne kan amfanin wannan ɗabi'a. Labarin Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu ba ta hanya ɗaya ya iso mana ba. Akwai abin da ke cikin littafin Girgam, akwai abin da ake bayarwa a fada, akwai abin da Bature H. R. Palmer ya tattara ya buga a 1928. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wata ruwaya game da Bawo a cikin Infaƙul Maisuri, wadda ta sha bamban da wadda muka tashi muna ji, amma ya faɗi wanda ya ba shi labarin: Muhammadu Baƙiri, Sarkin Agadas. Saboda ya faɗa, yau mai nazari yana iya tambaya: me mutumin Agadas ya sani game da Daura, kuma ta wace fuska yake kallon ƙasar Hausa? Da Bello ya shanye sunan, da an rasa bakin zaren. Haka Farfesa Abdullahi Smith ya samu damar auna waɗannan ruwayoyi a 1970, haka M. G. Smith ya rubuta The Affairs of Daura a 1978. Kowannensu ya bar sawu don na baya ya bi, ya yarda da shi ko ya saɓa masa da hujja.

Ga kuma Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 2005, wanda aka sa wa kwalejin koyon shari'a da ke Daura sunansa. Littafinsa kan sauye-sauyen da Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981, kuma an gina shi a kan rubuce-rubucen Larabci da hirarraki da dattawa gari-gari. Ko rahoton Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Katsina a 1851, wanda wasu ke ɗauka kamar yankan wuƙa, sai da ya ɗora shi a sikeli ya auna. Ɗalibin ƙasar Daura da ke wucewa ta gaban allon da ke ɗauke da sunan wannan mutum, sannan ya je ya sayi kundi a shago, ya kamata ƙafarsa ta yi masa nauyi.

Yanzu ga wata sabuwar ƙofa ta buɗe. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, ɗalibi yana kwance a katifa zai ce wa wayarsa ta rubuta masa babi na biyu, ta kuwa rubuta cikin daƙiƙoƙi, har da jerin manazarta. Abin da bai sani ba shi ne irin waɗannan manhajoji sukan ƙaga littafin da ba a taɓa rubutawa ba, su laƙa masa sunan marubuci na gaske, da shekara, da lambar shafi. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'i shida da manhajar ta ƙaga, ba su bincika ba. Lauyoyi ke nan masu lasisi. Duk madogarar da ba ka buɗe da hannunka ka karanta da idonka ba, kada ka kuskura ka sa ta a aikinka. In kuma makarantarku ta yarda a nemi taimakon manhaja a wani sashe, ka bayyana cewa ka nema, da inda ka nema.

Masu ganin an riga an wuce wurin tunda an karɓi takardar shaida, su saurara. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Karl-Theodor zu Guttenberg yana ministan tsaron Jamus, tauraronsa na haskawa, aka gano ya kwafi sassa masu yawa na kundin digirinsa na uku. Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin, ya ajiye muƙami a ranar 1 ga Maris 2011. Pál Schmitt yana shugaban ƙasar Hangari ya sauka a Afrilun 2012 saboda kundin da ya rubuta a 1992. Annette Schavan ministar ilimi ce a Jamus, ta rubuta nata kundin a 1980, aka ƙwace digirin a 2013, bayan shekara 33. Takarda ba ta mantuwa. A da sai an shiga ɗakin karatu an kakkaɓe ƙura kafin a kama mutum. Yau akwai manhajojin gano kwafe: akwai Turnitin, akwai EagleScan da Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Nijeriya ya samar, kuma kullum ƙara zuba tsofaffin kundaye ake yi a kwamfuta. Abin da ka binne yana nan yana jiran ranar da ka zama wani, ranar da kake da abin da za ka rasa.

Kunyar kuma ba a kan ɓarawon kaɗai take tsayawa ba. Mu a masarautar Daura mun ga misali a kan namu. Ranar 8 ga Satumba 2016 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta jawabin ƙaddamar da wani shiri na gyaran ɗabi'un 'yan ƙasa a Abuja. Bayan kwanaki kaɗan wani marubuci a jaridar ThisDay ya nuna cewa wani sashe na jawabin an ɗauko shi daga jawabin da Barack Obama ya yi a daren da ya ci zaɓe a 2008. Fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa haka ne, ta ce laifin wani jami'i ne cikin masu shirya jawabi. Duniya ba ta riƙe sunan jami'in ba. Sunan dattijon da ya amince masa aka yi ta yawo da shi a jaridun ƙasashe. Wataƙila wannan jami'i a wata makaranta ya koyi cewa ana iya ɗauka a yi shiru, kuma wani malami ne ya sa masa hannu.

Saboda haka, malamai 'yan'uwana, kada mu tsaya nuna yara da yatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malamin da ya sa hannu a kundin da bai karanta ba ya ba da shaida kan abin da bai gani ba. Na san uzurin: ɗalibai sun yi yawa, albashi ba ya kai wata, ɗakin karatu babu sababbin littattafai. Duk gaskiya ne. Amma karanta shafi biyar na babi na biyu ya isa ya nuna maka koko a Baure. Tambaya ɗaya a zaman kare kundi, "wannan littafin da ka ambata, a ina ka same shi, me ya ce?", ta isa ta raba mai aiki da mai saye. Akwai kuma waɗanda suka fi sakaci laifi: mai tura ɗalibi wani shago da suka ƙulla da shi, da mai ɗauke aikin ɗalibinsa ya buga a mujalla da sunansa shi kaɗai don neman ƙarin girma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan malami da wane baki zai yi wa ɗalibi faɗa?

Ku kuma masu shagunan da ke sayar da kundi kamar ƙosai, ku sani buga rubutu da ɗaure littafi sana'a ce ta halal, amma sayar da aikin wani ga wanda zai yi rantsuwa cewa nasa ne dillancin kayan sata ne. Ingila ta mayar da wannan ciniki laifi a dokarta tun 2022. A nan gida, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tabbatar wa marubuci haƙƙin a danganta aikinsa gare shi. Iyaye, ku ma in yaro ya ce a ba shi kuɗin furojet, ku tambaye shi na mene ne. Kuɗin mota zuwa wurin bincike da na buga takardu daban, kuɗin sayen digiri daban.

Ƙannena ɗalibai, hanyar tsira ba ta da wuya. Ka tanadi littafi guda tun ranar da aka amince da taken bincikenka. Duk abin da ka karanta, kafin ka kwafi ko kalma ɗaya, rubuta sunan marubuci, sunan aikin, shekara, wurin bugawa da shafi. In kalmominsa ka ɗauka daidai, ka killace su da alamar zancen wani ka sa shafi. In ma'anar ka ɗauka, ka rufe littafin, ka faɗe ta yadda ka fahimta, sannan duk da haka ka ambace shi, domin tunanin nasa ne ko da lafazin naka ne. In fassarawa ka yi, ka ce fassara ce daga wane. In maganar Palmer ka gani a cikin littafin Smith, ba ka ga na Palmer da idonka ba, ka rubuta cewa Smith ne ya kawo ta. In dattijo ka yi hira da shi, ka nemi izininsa, ka rubuta sunansa da shekarunsa da garin da ranar da kuka zauna, domin shi ma malami ne, kuma abin da ke kansa ba a intanet yake ba. Abin da kowa ya sani, kamar cewa Kusugu a Daura take, ko karin maganar da ke bakin kowa, ba ya bukatar madogara. Inda ka yi shakka, ka ambata. Ba a taɓa korar ɗalibi don ya yawaita faɗin inda ya samo ba. A ƙarshe ka bi aikin layi-layi: duk sunan da ke ciki ya fito a manazarta, duk wanda ke manazarta ya kasance ka yi amfani da shi a ciki.

Akwai asarar da ta fi duk waɗannan ci mini rai. Daura yanzu tana da foliteknik ta tarayya, tana da jami'ar sufuri, ga kwalejin shari'a, ga jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma. 'Ya'yanmu da ke rubuta kundi kowace shekara sun fi na kowane zamani yawa. Da kowannensu zai yi aikinsa da gaske, da cikin 'yan shekaru an san ƙasar nan ciki da bai. Wa ya zauna da 'yan kasuwar Babban Mutum ya rubuta abin da rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya yi wa cinikinsu da mutanen Magarya? Da aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, yaya iyalan da rabinsu ke nan rabi ke tsallake suka yi? Wane irin gero ne tsofaffi suka daina shukawa, kuma me ya sa? Amsoshin suna bakin mutanen da ke zaune a ƙofar gidanku, kuma kullum ana binne wasu daga cikinsu. Duk kundin da aka kwafa gurbi ne na binciken da ba a yi ba. Bayan haka ƙaryar da ke cikinsa tana zama a kan kanta a ɗakin karatu, wani ya zo ya kwafe ta, na bayansa ya ambace ta a matsayin hujja, har wata rana jami'in da ke tsara tallafin noma ya buɗe ya karanta cewa damina biyu ake yi a Baure.

Ɗan ƙanwata bai sami albarkar da ya zo nema a daren nan ba. Na ce masa ba na sa albarka a kayan da ban san mai su ba. Ya yi fushi, uwarsa ma ta yi, ta aiko a gaya mini cewa na cika tsanani, yaro ya riga ya gama. Na ce a gaya mata takardar shaida ya gama, karatun yana nan. Bayan kwana biyu ya dawo da littafin rubutu da biro, ya zauna a bakin tabarma, ya ce, "Kawu, to daga ina zan fara?" Na ce ya tashi ya je wurin kakansa, wanda ya shekara fiye da hamsin yana noma gona ɗaya, ya gaishe shi, ya tambaye shi abin da ke damun manomi a garin nan. In ya faɗa masa, ya rubuta sunan tsohon a saman shafi, da ranar, kafin ya rubuta komai.